Abin da Majemi Ya Sani

Daren da rediyo ya faɗi wanda ya ci,
rabin Zango ya ɗau guɗa,
rabi ya ja ƙyaure tun kafin lisha.
'Yan kabu-kabu suka cika titi da oda
daga Dole har ƙofar Birni.
Ni ina tsugune bakin kwatarniya
ina juya fatu a ruwan bagaruwa.
Fata ba ta san an yi zaɓe ba,
ka bar ta kwana ɗaya, ta ruɓe.

Kwana uku bayan nan Mintu ta dawo daga lakwal
ta ture akushi.
Shekararta tara.
Sai da uwarta ta zauna tsefe mata kai ta ce:
"Wai namu ya faɗi.
Wai mu jajaye mu tattara mu koma rairayi.
Baba, ina ne rairayinmu?"

Namu wa?
Tekna, uwarta, wanda ya ci ta dangwala wa.
Ni, baƙi kamar gindin tukunya,
ni ne nawa ya sha ƙasa.

Kakan Tekna gishirin Bilma ya ɗauko,
raƙumi ya mutu masa a Tanut, ya zauna.
Uwata Babarbariya ce, tsage har haɓa.
Ubana ya ce mu Hausawa ne,
amma tsohuwarsa in ta fusata
da Fulatanci take zagin kaji.
Cibiyar yarinyar nan kuwa a Garin Malam take,
bayan ɗaki, ni na haƙa ramin.

Shekara talatin ina cikin warin nan.
Jar akuya, baƙa, mai roɗi-roɗi,
in suka kwana a toka, gashi ya zube,
ko Baduku Ɗan Jimma da ya tsufa da almakashi
ba ya rantsuwa wacce ce wacce.
Na so in gaya mata haka, na haɗiye.
Akuya sai an yanka ake gane wannan.
Ba na son 'yata ta jira wuƙa.

Kuma ni ma ba wankakke ba ne.
Lokacin kamfe, a majalisar shayi,
na ce mutanen yamma sun cinye ƙasa.
Sumana, Bazabarme mai gyaran famfo, yana zaune.
Ya ajiye kofinsa da saura,
ya ce sai da safe, alhali rana tsaka.
Yaran da suka tare Mintu ba su ƙago komai ba.
Abin da babba ya tofar a zaure
shi yaro ke kwasa zuwa aji.

Jiya da asuba ruwa ya zo,
bayan kwana huɗu famfo na tari.
Jarkoki suka yi layi har gindin dutse,
rawaya duka, babu mai rawani, babu mai tsage.
Aka yi faɗa, i, an yi,
amma kan wa ya riga wa ajiye jarka.
Sumana na durƙushe yana ɗaure bututu da roba.
Na ga yatsansa, na ga nawa:
tawadar zaɓe ba ta gama fita ba.
Na ce, "Mate ni kani?"
iyakar Zabarmancin da na iya ke nan.
Ya daɗe bai ɗago ba.
Sannan ya ce, "Riƙe min nan."
Na riƙe.

Sabon shugaba ya yi magana da dare,
ya ce uwa ɗaya uba ɗaya muke.
Allah ya sa.
Daga Yamai zuwa nan tafiyar yini ce da motar safa,
magana kan gaji a hanya.

Yau ni na raka Mintu lakwal,
na bar fatu su jira ni.
Na riƙe hannunta muka ratsa tsakiyar yaran,
ja cikin baƙi, a hankali, don kowa ya gani.
A bakin aji ta zare yatsunta,
ta sunsuna, ta yamutsa fuska.
"Baba," ta ce, "hannunka wari."
Ta shiga tana dariya.